Na Saya wa Baba Talabijin, Ya Daina Zuwa Falona

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya dasa tausayi tsakanin mahaifi da abin da ya haifa, ya kuma buɗe wa kowane zamani irin nasa ƙofofin zumunci. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Ina gaishe ku masu karatun wannan fili, na kusa da na nesa, da fatan kuna cikin lafiya da rufin asiri. Wasiƙar da ke gabanmu ta fito ne daga nan cikin Sakkwato. Na bar ta yadda mai ita ya rubuto, da tsawonta da kewaye-kewayenta, domin rabin amsar yana cikin kewayen. Ga ta.

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, don Allah a taimake ni da shawara. Na yi wani abu da hannuna da nufin alheri, ga shi yana neman raba ni da mahaifina, kuma ba ni da bakin da zan yi masa magana a kai.

Ni ɗan fari ne a gidanmu. Shekaruna hamsin da uku, ina koyarwa a wata makarantar sakandare, ina zaune a Minanata da matata Wasila. 'Ya'yanmu duk sun tashi, wasu aure, wasu karatu. Mahaifina ya haura tamanin. Asalin gidanmu a Ƙofar Rini yake, kuma shi tsohon ɗan kasuwa ne, ya yi shekaru yana kai albasa kudu har ƙasashen maƙwabta, ya komo da goro. Malam ya san al'adarmu ta kunyar ɗan fari. To, Baba ya riƙe ta fiye da duk wanda na sani. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. In zai aike ni ina yaro, sai ya ce a faɗa wa "wancan" ya je. Ranar da na kawo sakamakon jarabawar gama sakandare, ƙanena Zayyanu na ba ya shigar masa da takardar, ni kuwa ina tsaye a zaure ina jin yana tambayar Zayyanu abin da aka rubuta a ciki. Na san ba ƙiyayya ba ce, domin shi ne ya tsaya kai da fata a kan karatuna lokacin da 'yan uwansa suka ce a sa ni kasuwa. Amma abin da ke tsakanina da shi gaisuwa ce kawai: in durƙusa, ya ce lafiya lau, in tashi. Shekara hamsin muna haka.

Shekara biyu ke nan da rasuwar mahaifiyata, Allah ya jiƙan ta. Bayan rasuwar gidan ya yi wa Baba girma, ga tsufa, ga ba mai kula da abincinsa. Da ƙyar, sai da na bi ta hannun amininsa Alhaji Maigandi, sannan ya yarda ya dawo wurina. Muka ba shi ɗakin da ke kusa da ƙofar gida. Sai ga mu mu uku a gida ɗaya, yana kunyata don ni ɗan fari ne, yana kunyar Wasila don suruka ce, ita ma tana kunyarsa. Wani lokaci a wuni ba a ji muryar kowa ba sai ta rediyonsa.

Yadda abin ya fara shi ne da bazarar da ta gabata. Malam ya san zafin garin nan, ga wutar lantarki ba ta zama. Ina da 'yar sola da ke ɗaukar fanka ɗaya da talabijin a falo. Wata Asabar bayan la'asar Wasila tana kallon shirin girke-girke da ta saba kallo, ni kuma ina duba takardun ɗalibai, sai muka ji sallama. Ga Baba da buzunsa a hannu. Bai dubi kowa ba, ya ce ɗakinsa ya zama tanda. Muka miƙe zumbur, Wasila ta nufi ƙofar ciki za ta gudu, ya ce a zauna. Na nuna masa kujera ya ƙi, ya shimfiɗa buzun daf da ƙofa, daidai inda iskar fankar ke kaiwa. Ni ma na sauko ƙasa. Wasila ta miƙa hannu za ta kashe talabijin, ya ce a bar shi.

Matar da ke cikin shirin tana yanka albasa. Can sai muka ji Baba ya ce, "Ke baiwar Allah, wagga albasa ba ta ƙosa ba, da sauran kwana anka cire ta. Dubi wuyanta." Da matar talabijin yake, Malam, ba da mu ba. Wasila ta cusa baki cikin mayafi tana danne dariya. Ni ban san lokacin da na ce, ina kallon talabijin ɗin ni ma, ko yaya ake gane wadda ta ƙosa ba. Wallahi sai ya amsa. Ya yi wa matar nan bayani tiryan-tiryan, yadda ganye ke kwanciya, yadda ɓawo ke bushewa ya yi ƙara in an taɓa, da wadda ke jure tafiyar kwana goma a mota da wadda ke ruɓewa tun kafin a kai rabin hanya. Wannan ne karo na farko da na yi tambaya mahaifina ya ba ni amsa mai tsawo, ko da yake ba ni ya duba ba.

Daga nan abin ya zama jiki. Asabar shirin girki, Lahadi kuma akwai wani shiri da ake nuna tafiye-tafiye a ƙasashen duniya. Da an idar da la'asar a masallacin unguwa sai ya shigo da buzunsa, a zauna har a kira magariba. Dukanmu da talabijin muke magana, shi kuma talabijin bai taɓa jin haushi ba. Ranar da aka nuna wasu mutane na gabas mai nisa suna cin ɗanyen kifi, Baba ya yi salati ya ce wa ɗaya daga cikinsu, "Kai kuwa, ga wuta ga itace ƙasarku, mi ya hana ku dahwa shi?" Sai da Wasila ta fice waje don dariya. Ranar da aka nuna ayarin raƙuma masu ɗaukar gishiri a Sahara, ya ba da labarin yadda ya taɓa haɗuwa da irinsu a kasuwar Tawa ta ƙasar Nijar yana saurayi. Da aka nuna dajin kurmi ana sheƙa ruwa, ya ba da labarin motarsu da ta kafe a laka kwana uku a hanyar Kumasi har albasa ta fara tsiro cikin buhu, da wata tsohuwa da ba su jin yarenta ba ta jin nasu, amma kullum ta aiko musu da dokunu, wato irin tuwon masararsu, da kifi. Duk waɗannan ban taɓa jinsu ba. Ban san mahaifina yana da barkwanci ba sai da na kusa yin ritaya.

Har karatuna ya shigo ciki. Ina karanta wani littafi a kan tsofaffin hanyoyin fatauci. Wata Lahadi da ake talla a tsakiyar shiri sai ya ce, yana duban fanka, "Ana ta riƙon wani littahi gidan ga, ko mi ac cikinai?" Ni ma na dubi fanka na faɗa mata abin da ke ciki. Daga ranar duk mako sai na kawo inda na kai, shi kuma ya gyara wa marubucin. Ya taɓa cewa mai littafin nan a kan kujera ya yi tafiyarsa, domin wanda ya taɓa kwana a kan buhun goro ba zai rubuta haka ba.

Abin da ba zan manta ba shi ne ranar da aka nuna wata mata tana gasa hoce, wainar garin dawar nan tamu. Ya zuba wa hocen ido. Sai ya ce wa matar a hankali, "Mai ɗakina ta hi ki iya wanga. Shi taka yi man guzuri, shi yi mako bai lalace ba." Malam, tun da aka yi rasuwar ban taɓa jin ya ambace ta ba sai ranar. Na sunkuyar da kai don kada ya ga idona.

Wata bakwai muna haka. Sai Zayyanu ya zo hutu daga Gusau, inda yake aiki, ya tarar da mu a wannan zaman. Bai ce komai ba sai da aka watse, sannan ya ja ni gefe. Ya ce, Yaya, ba ka ji kunya ba, mahaifinmu a bakin ƙofa kusa da takalma kamar wanda ya zo maula, don kawai ya sha iska ya yi kallo a falon ɗansa? Ya ce in baƙo ya shigo ya gani me zai ɗauka? Ya ƙara da cewa dattijo mai irin shekarun Baba carbi ya kamata a gani a hannunsa, ba a zaunar da shi yana kallon mata suna soya albasa ba. Maganar ta soke ni, musamman ta farkon. Na kwana biyu ina juya ta. Ban shawarci Wasila ba, kuma har yau tana tuna mini. Na sayo sabon talabijin da fanka, na kira mai gyara ya ƙara ƙarfin solar ya ja waya har ɗakin Baba, na sa aka saita masa tashoshin da ake nuna shirye-shiryen nan biyu. Da ya dawo daga masallaci na durƙusa na ce ga shi an kawo masa don ya huta da zirga-zirga. Ya dubi talabijin ɗin ya daɗe, sannan ya ce, "Allah shi yi albarka."

Asabar ta zo bai shigo ba. Lahadi bai shigo ba. Yau mako shida ke nan. Fankar yana amfani da ita, amma talabijin ɗin ya lulluɓe shi da wani tsohon bargo, ko sau ɗaya ban ji an kunna ba. Mun koma gaisuwar da, in durƙusa, ya ce lafiya lau. Abinci ma yanzu rabi yake ci a fito da kwano. Wasila ta daina kallon shirinta, ta ce ba ya mata daɗi. Littafin nan kuwa ina shafi ɗaya tun ranar.

Na yi tunanin in ce masa namu ya lalace mu zo mu kalla a nasa. Na yi tunanin in cire wayar solar ɗakinsa in ce ta samu matsala, zafi ya sake koro shi. Na yi tunanin in ɗauke talabijin ɗin, ko in sa Zayyanu ya yi masa magana tunda shi suna hira. Na kuma yi tunanin in cije in shiga in ce, Baba, ka dawo, ina kewar hirarka, amma ko a zuci na gwada faɗa sai harshena ya yi nauyi. Wani lokaci kuma sai in ce ko Zayyanu ne ke da gaskiya, Allah ne ya raba Baba da abin da ba shi da amfani. Malam, shin hirar girki da tafiye-tafiye da abin da mutum ke karantawa ɓata lokaci ce ga dattijo? Shin korarsa na yi ban sani ba? In kuwa haka ne, ta yaya zan dawo da shi ba tare da na keta kunyar da ya rayu a kanta ba? Shekarunsa sun ja, ina tsoron lokaci ya ƙure muna lafiya lau, lafiya lau.

Naka, Ɗan Fari daga Minanata.

Wa alaikumus salamu wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ya kai ɗana, Allah ya jiƙan mahaifiyarka, ya ba mahaifinka lafiya, ya saka maka da alheri a kan ɗaukar nauyinsa. Ka fara da kwantar da hankalinka: abin da ya faru kuskure ne, ba saɓo ba, kuma irin kuskuren da ake gyarawa ne tun mai shi yana da rai.

Zan ɗauki tambayarka ta ɓata lokaci tukuna, domin in ba a warware ta ba, ba za ka yi sauran da zuciya ɗaya ba. Malamanmu sun karantar da mu cewa halal ɗin da aka yi da kyakkyawar niyya yana zama ibada, kuma shigar da farin ciki a zuciyar mahaifi yana cikin manyan ayyukan da bawa ke neman kusanci ga Ubangijinsa da su. Addini bai ƙayyade cewa sai da maganar fiƙihu ake faranta wa uba ba. Ka dubi zaman naku da idon adalci. Yana farawa bayan an idar da la'asar, yana ƙarewa da kiran magariba, ba salla ɗaya da ta salwanta. Ba a ci naman kowa a cikinsa ba, wanda kuwa da wuya a faɗi haka game da yawancin majalisun da muke zama a ƙofar gida. An yi maganar abincin da Allah ya hore wa bayinsa, da ƙasashen da ya shimfiɗa, da al'ummun da ya bambanta harsunansu da al'adunsu, kuma dubi cikin waɗannan abin so ne ga mai hankali. A ciki dattijo ya yi salati, ya tuna alherin wata tsohuwa da ta ciyar da shi a baƙunta, ya yabi matarsa da ta riga shi. Ban ga wasan banza a nan ba. Na ga mutumin da aka yi wa rashi yana samun sauƙi.

Wannan ba ya nufin Zayyanu ya yi maganar wofi. Kishin martabar mahaifinsa ne ya sa shi magana, kuma tsoron da ya nuna game da talabijin yana da tushe, domin akwatin nan yana kawo mai kyau yana kawo mummuna, kuma ya cinye wa mutane da yawa lokutan zikirinsu. Wajibi ne ku ci gaba da zaɓen abin da ake kallo, a kawar da kai ko a sauya tasha in an nuno abin da bai dace ba, kada kuma kwana biyun nan su zama kwana bakwai. Inda ƙanenka ya kuskure shi ne ya ga zaman na yini ɗaya ya yanke hukunci. Ya ga inda Baba ya zauna, bai san me ya zaunar da shi a wurin ba. Kada ka riƙe shi a zuci, kada kuma ka ɗora masa laifin abin da kai ka zartar. Ka kira shi ka ba shi labarin hocen nan kamar yadda ka ba ni, ina kyautata zaton zai fahimta.

Yanzu ga abin da nake gani ya faru, Allah ne mafi sani. Ni ma uba ne ga ɗan fari, kuma na san nauyin da ke kan harshe. Mutumin da ya rayu a kan wannan kunya ba zai iya tashi ya ce zan je in zauna da ɗana ba. Sai ya samu dalilin da zai riƙe a hannu, wanda in an tambaye shi zai nuna. Zafi shi ne dalilinsa na shiga, talabijin shi ne dalilinsa na magana. Ka lura, bazara ta wuce, damina ta sauka, gari ya yi sanyi, amma bai daina zuwa ba har wata bakwai. Da iska ce ke kawo shi, da ya tsaya tun ruwan farko. Bakin ƙofar da ya zaɓa kuwa ba ƙasƙanci ba ne, wuri ne da ke ba shi damar cewa ai wucewa nake yi. Da ka kai masa fanka da talabijin har ɗaki, sai ka ɗauke masa dalilan biyu a rana ɗaya. In ya shigo falonka yanzu, me zai ce ya kawo shi? Bargon da ya rufa shi ne amsarsa: ba kallon yake so ba, masu kallon yake so.

Akwai kuma yiwuwar ya fahimci kyautar a matsayin an gaji da shi, musamman da ka ce don ya huta da zirga-zirga. Tsoho da ke zaune a gidan ɗansa kullum yana auna ko ya yi nauyi, kuma ƙaramar kalma tana isarsa. Wannan ma ba za mu kore shi ba, kuma maganin duka biyun ɗaya ne.

Dabarun da ka lissafa, ka bar uku daga ciki. Kada ka ce naku ya lalace alhali lafiyarsa lau, domin ƙarya ce, kuma ba a gina biyayyar iyaye a kan ƙarya. Kada ka taɓa wayar solar, domin azabtar da tsoho da zafi don ya zo gare ka zalunci ne ko da so ne ya sa. Kada ka ɗauke kyautar da ka riga ka bayar, domin zai ɗauka fushi ka yi. Maganar fili kuma, ta cewa kana kewarsa, gaskiya ce mai kyau, kuma shari'a ba ta hana ta ba. Kunyar ɗan fari al'ada ce, ba hukuncin addini ba, kuma duk ranar da al'ada ta tsaya tsakanin mutum da sada zumunci, zumunci ake gabatarwa. Sai dai a nan ba ta kai ga haka ba tukuna. Mahaifinka da kansa ya riga ya samo hanyar da za a bi ba tare da an karya ta ba, kuma ladabi shi ne ka bi hanyar da ya buɗe, kada ka tilasta masa wata da zai rasa inda zai sa fuskarsa.

Saboda haka abin da nake ba ka shawara shi ne, zuwan da ya yi wata bakwai, yanzu kai za ka rama. Ranar Lahadi bayan la'asar ka ɗauki tabarmarka da littafinka, ka yi sallama a ƙofarsa. Kada ka shiga tsakiyar ɗaki, ka zauna daga bakin ƙofa. Ka ce, ba tare da ka dube shi ba, lokacin shirin tafiye-tafiye ya yi, ko a kunna a nan. Wannan gaskiya ce tsantsa, ba ka ƙara komai ba. In ya yi shiru, ka san shirun dattijo irinsa izini ne, ka janye bargon da ladabi ka ninke shi. In ya ce a bari, ka ce to, ka ɗan zauna, ka tashi, ka komo mako mai zuwa. Kada rashin amsar ranar farko ya karya maka gwiwa, domin wanda ya ji an sallame shi yana buƙatar ya ga an nace kafin ya gaskata. In shiri ya kankama, kai za ka fara magana da talabijin wannan karon. Ka yi tambayar da shi kaɗai ke da amsarta. Ka kuma buɗe littafin nan ka wuce shafin da ka tsaya, ka nemo inda kake zaton marubucin ya yi kuskure, ka faɗa a fili. Tsohon ɗan kasuwa ba ya iya jin an ɓata hanya ya yi shiru.

Wasila kuwa, ka nemi afuwarta a kan rashin shawara, domin ita ma an raba ta da wani abu, kuma da ka tambaye ta mai yiwuwa da ba a kai nan ba. Shiga ɗakin suruki zai yi mata nauyi, kada ka matsa mata. Amma tana da nata hanyar. Ta dafa wani abu daga cikin abin da ya taɓa gyara wa masu girkin nan, ta yi shi yadda ya ce a yi, a kai masa, ka ce an bi yadda aka faɗa ne. Zai gane cewa maganganunsa ba iska ta kwashe ba. In kuma zama ya daidaita a ɗakinsa, wata Asabar sai ka ce ga shirin girki can an kunna a falo, ana ta yanka albasa ba mai dubawa. Ka ba shi sabon dalili ke nan, kuma na gaskiya.

In ka yi haka mako uku ko huɗu ba ka ga sauyi ba, to ka je wurin Alhaji Maigandi, ba Zayyanu ba. Abin da ɗa ba zai iya faɗa wa uba ba, aboki yana faɗa cikin raha a wuce wurin. Ka gaya masa komai, ka roƙe shi ya sanar da amininsa cewa kyautar nan girmamawa ce ba sallama ba, kuma gidan ya yi shiru tun da ya daina fitowa. Game da raguwar cin abincinsa kuma, kada mu jingina komai ga damuwa. Mai shekara tamanin in ya rage ci mako shida, a kai shi likita ya duba shi, wannan kada ka jinkirta shi.

Abu na ƙarshe, ɗana. Ka rubuta cewa kana tsoron lokaci ya ƙure. Tsoron nan alheri ne in ya tashe ka, sharri ne in ya zaunar da kai kana lissafin shekara hamsin da suka wuce. Mutane da yawa sun binne iyayensu ba su taɓa jin dariyarsu ba, kai kuwa an ba ka wata bakwai, kuma mahaifinka yana nan da ransa da hankalinsa, taku kaɗan daga falonka. Mutumin da ya ɗauko buzunsa da kansa ya zo inda kake ba zai kore ka ba in ka je inda yake. Kada ka jira wata Lahadin bayan wannan.

Allah ya buɗe harshenka da nasa a kan alheri, ya ƙara wa mahaifinka lafiya da tsawon rai mai albarka, ya sa ka gama da shi lafiya yana mai yarda da kai. Allah ya haɗa kanku da ɗan uwanka, ya saka wa matarka da alheri, ya kai rahama kabarin mahaifiyarka. Ku kuma masu karatu, wanda iyayensa ke raye Allah ya ba shi ikon zama da su da jin hirarsu, wanda nasa suka rigaye shi Allah ya gafarta musu ya sada su a gidan aminci. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.